Amsar Tambaya: Zuwa Taron Masana Ƙwaƙwalwa Yawo Ne?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina unguwar Zariya a Maraɗi. Ina son binciken ƙwaƙwalwa, amma iyayena sun ce zuwa taruka yawo ne. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗiyata, ki dage. A wurin taro ake samun malamin da zai ja ragamar bincikenki, a ji labarin tallafi, a san matan da suka riga ki shiga fagen. Ƙungiyar SONA ta masana ƙwaƙwalwa na Afirka, wadda aka kafa a 1993, tana taro duk shekara biyu, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, kuma tana tallafa wa matasa da kuɗin tafiya. Ƙungiyar mata masana kimiyya ta OWSD ta sha ɗaukar nauyin karatun digirin digirgir na mata daga ƙasashe irin Nijar.

Damuwar iyayenki a kan tsaro da kuɗi gaskiya ce, kada ki raina ta. Ki nuna musu takardar gayyata da masauki, ki roƙi malamarki ta zanta da su. Ki tuna musu cewa farfaɗiya da sanƙarau, cututtukan da suka shafi ƙwaƙwalwa, suna addabar yaran Tibiri da Jiratawa, kuma uwa takan fi sakin jiki da likita mace. Allah Ya ba ki sa'a.