Donostia: Birni Mai Suna Biyu

Wannan birni na gaɓar teku a arewacin Sifen suna biyu gare shi: Sifaniyawa kan ce San Sebastian, Baskawa kuwa Donostia. Daga 1887 Sarauniya Maria Cristina ta mai da shi wurin hutunta na bazara, Sifaniyanci ya ƙara kafuwa a bakin masu hali. Euskara, harshen Baskawa, wanda masana ba su gano masa dangi ba, aka bar wa masunta da talakawa. Zamanin Franco (1939-1975) an kore shi daga makarantu, amma Malama Elbira Zipitria ta riƙa koyar da yara da shi a ɓoye cikin gidanta. A 1979 ya zama harshen hukuma. Yau yawancin yaran garin da shi suke karatu, ko da yake a titi Sifaniyanci aka fi ji.