Yadda Ake Sauya wa Fitilun Sigina na Gaban Babur Wuri

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa mutum kan ɗaura wa babur kwando ko gilashin tare iska a gaba, sai su rufe fitilun sigina. Wannan kuwa haɗari ne babba, domin direban da ke tahowa ba zai san inda mai babur ya nufa ba. Maganin abin shi ne a sauya wa fitilun wuri.

Da farko a kashe babur, a cire wayar batir mai alamar ragewa, don gudun tartsatsi. Na biyu, a lura da launin wayoyi. A baburan Honda, mai ruwan lemo ta hagu ce, shuɗiya mai haske ta dama, koriya kuwa ita ce ta ƙasa. Na uku, a kwance noti, a ɗaure fitilun a sabon wuri, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu daidai, da tazara sosai tsakaninsu da babbar fitila, kada haskenta ya shanye nasu.

Idan waya ta gaza, a ƙara mata mai irin kaurinta, a naɗe mahaɗin da salatif saboda ruwan sama. A bar mata sarari, don kada ta tsinke in an juya kan babur.

Daga ƙarshe a mayar da wayar batir a gwada. Sigina mai lafiya takan ƙifta sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Wanda bai iya ba ya nemi makaniki, gama rigakafi ya fi magani.