Jigo, Salo da Adon Harshe

Idan aka tambaye ku jigon littafi, kada ku kama ba da labarinsa daga farko. A nan ɗalibai da yawa suke asarar maki a jarrabawa. Labari shi ne abin da ya faru, jigo kuwa shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa. Ku ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934. Labarinsa shi ne an sace yaro, daga baya aka ƙetare hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawu tana nemansa. Babban jigonsa kuwa illar bauta da cinikin bayi. Umar shi ne tauraro, domin a kansa labarin ya ta'allaƙa. Yadda aka jera abubuwan da suka faru kuma ana kiransa zubi da tsari.

Hanyar da marubuci ya bi wajen isar da jigo ita ce salo, kuma a cikinta ake samun adon harshe. Ku lura sosai da kamantawa da siffantawa, don su ne aka fi rikitawa. In aka ce “Audu kamar zaki yake a fagen kokawa,” kamantawa aka yi, kuma kalmar “kamar” ko “tamkar” ce take nuna haka. Wannan ita ce kamantawar daidaito. Akwai ta fifiko, irin su “ya fi zaki ƙarfi,” da ta kasawa, irin su “zaki bai kai shi ƙarfi ba.” Amma da zarar an ce “Audu zaki ne,” an zubar da kalmar kamantawa, an mayar da shi zakin kansa. Wannan ita ce siffantawa, kuma ta fi ƙarfi, shi ya sa makaɗa da maroƙa suke yawan amfani da ita a kirari.

Sauran ba su da wuyar ganewa. “Talauci ya yi masa sallama” mutuntarwa ce, tun da mutum ne yake sallama. “Maigida ya yi gurnani” dabbantarwa ce. “Ta yi kuka har hawayenta suka cika randa” kuwa kambamawa ce, ba wanda zai je duba randar.

Aiki: Ku rubuta jimloli uku na kamantawa, sannan ku mayar da kowace ɗaya siffantawa.