Yadda za ka koyar da kalmomin ƙwayar zarra da dabino da biro

Malamin kimiyya a Gamawa ya san wannan matsalar: yaro ya haddace atom da furoton da niyutiron kamar karatun aku, bayan mako biyu ka tambaye shi ya yi zuru. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne. An ba shi sunaye ne ba a gaya masa daga ina suka fito ba, alhali kowannensu yana da ma'ana a harshen da aka aro shi. Ga hanyar da za ka bi. Kayan aikin ba su wuce dabino daga kasuwa, da biro, da guntun takarda ba.

Mataki na 1: Fara da abin da suka zo da shi daga makarantar allo. Tambaye su inda suka taɓa jin kalmar zarra. Za a samu wanda zai ce a Suratuz Zalzala. Daga nan ka bayyana cewa Larabawa suna kiran ƙaramin ƙiyashi da wannan suna, haka ma ƙurar da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. In lokacin hunturu ne ba ka da aiki: tura ƙyauren taga ka bar 'yar kafa, su ga ƙurar da idonsu. Amma ka ja kunnensu cewa kowane ɗigo ɗaya na ƙurar nan yana ɗauke da ƙwayoyin zarra fiye da yadda za su iya ƙirgawa.

Mataki na 2: Tona asirin kalmar atom, wato ƙwayar zarra. Daga Girkanci take, ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Dimokuritus, wani masani da ya rayu kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya yi fice da ra'ayin cewa in aka yi ta yanka abu za a kai ga ɗan guntun da wuƙa ba ta da abin yi da shi. Ba wa ɗalibi takarda ya yi ta rabawa biyu har yatsunsa su gaza. Sannan ka faɗa musu abin dariyar: sunan ya zama irin na mai suna Dogo alhali gajere ne, domin a 1938 masana a Jamus sun fasa cibiyar ƙwayar yuraniyom. Suna dai ya riga ya bi ta.

Mataki na 3: Fito da dabinon. Nan ne zuciyar darasin, kada ka yi gaggawa. Ɓare shi a gabansu, ka ɗaga ƙwallon: shi ne misalin cibiyar zarra. Kalmar da aka samo nukiliya daga gare ta Latinanci ce, tana nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. Su kuwa Larabawa da suka tashi fassarawa sai suka ce nawat, wato ƙwallon dabino. Ernest Rutherford ne ya gano wannan cibiya a Manchesta ta Ingila a 1911.

Sai dai misalin yana da tarko, kuma na ga malamai da yawa sun faɗa ciki. Ƙwallo ya cika cikin dabino, ita kuwa cibiyar zarra ba haka take ba. In ka ɗauke ta a matsayin ƙwayar gero ɗaya da aka ajiye a tsakiyar filin ƙwallo, to iyakar zarrar tana can bakin fili ko ma gaba. Duk da haka kusan dukkan nauyin yana cikin geron nan. Ka faɗi wannan tun dabinon yana hannunka.

Mataki na 4: Biro da gashin kai. Kowa ya goga biron roba a gashinsa ya kusanta shi da yagaggun takardu, zai ga sun yi tsalle sun manne. Girkawa sun ga irin haka da wani busasshen ƙaron itace da suke kira ilektiron, daga nan aka samo sunan ilektiron ɗin da ke cikin zarra a 1891. Yanzu rubuta lantarki a allo, ka tambaye su ko kunnensu ya ji kama. Tushensu ɗaya, ta Turanci ta biyo ta iso mu.

Mataki na 5: Sauran biyun. Furoton na nufin na farko. Niyutiron, wanda James Chadwick ya gano a 1932, ya fito daga kalmar da ke nufin ba wannan ba, ba wancan ba. Ba shi da caji ko kaɗan, ɗan ba-ruwanmu ne.

Mataki na 6: Zaunar da yara biyu a benci ɗaya, siriri da mai jiki. Aisotof ke nan: wuri ɗaya a jadawalin sinadarai, nauyi daban. Wata likita, Margaret Todd, ita ta ba masanin kimiyya Frederick Soddy shawarar sunan a 1913. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ta Nijar yana da irin su, mai lamba 235 da mai 238, kowanne furoton 92 gare shi. Ka kuma shaida musu cewa nukiliya ba makamin ƙare dangi kaɗai ba ne: tun 2004 akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Da Turanci za su rubuta jarrabawar WAEC da NECO, don haka kafin a buga ƙararrawa sa su kwafi kowace kalma da haruffanta na littafi, ma'anar Hausa a gefenta. Malam, ka sayo dabinon da ɗan yawa, domin ba za ka fita ajin da ko ɗaya ba.