Kitsen Tumbi da Masu Gyaran Jijiyoyin Jini

'Yan'uwa ɗalibai, ga wani darasi da nake so mu riƙe kafin mu bar makaranta. Cikin kowace jijiyar jini akwai siririn shafe na ƙwayoyin halitta wanda jini ke bi ta kansa. Hawan jini, ciwon sukari da hayaƙin taba suna ƙuje shi. Inda ya ƙuje, nan kitse ke taruwa har hanyar jini zuwa zuciya ta toshe.

Amma jiki yana da masu gyara. A 1997 Takayuki Asahara da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wasu ƙwayoyi a cikin jini, masu fitowa daga ɓargo, da ke taimakawa wajen yi wa shafen faci. A 2005 masu bincike a Jamus suka bibiyi majinyatan zuciya 519 tsawon shekara guda. Waɗanda ke da ƙwayoyin nan da yawa, mutuwa ta ciwon zuciya ta fi ƙaranci a cikinsu.

To ina ƙiba ta shigo? Kitsen tumbi fa ba a kwance kawai yake ba, sinadaran kumburi yake zubawa cikin jini. Ɓarna na ƙaruwa, masu gyaran kuma suna raguwa, suna rauni.

Shi ya sa nake cewa mu daina kallon tumbi a matsayin alamar samu. Ku auna ƙugunku, kada ya wuce rabin tsayinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma motsa jiki na ƙara yawan masu gyaran. Ku kai wa su Baba wannan saƙo a gida.