Mayar da Hoto Bidiyo: Abin da ke Ɓata Fuska da Yadda Za Ka Kauce Masa

Koken da ya fi yawan zuwa mini daga masu ƙananan sana'o'i da matasa masu harkar hoto kusan iri ɗaya ne: "Malam, na ɗora hotona a manhajar da ke mayar da hoto bidiyo, sai fuskar ta koma ta wani, yatsu suka zama shida, makin da aka ba ni kyauta kuma ya ƙare. Ina matsalar take?" Wanda ya fahimci yadda na'urar ke aiki ya samu rabin maganin, don haka daga nan za mu fara.

Bidiyo hotuna ne da aka jera suna wucewa da sauri. A ma'aunin fina-finai, hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ke nan bidiyon daƙiƙa biyar hoto 120 ne. Kai guda ɗaya ka bayar, sauran duka ƙirƙirarriyar basira ce za ta ƙago. Ba ta taɓa ganin ƙeyarka ba, ba ta san haƙoranka ba idan bakinka a rufe yake a hoton. Abin da take yi shi ne kintace, bisa ɗimbin bidiyoyin da aka horar da ita a kansu. Kamar mai zane ne da aka nuna wa fuskar baƙo ta gaba, aka ce ya zana shi yana waiwaye: zai zana wani abu, amma ba lallai ya zama mutumin ba. Duk lokacin da ka nemi babban motsi, ka faɗaɗa mata filin kintace, kuskure kuma ya samu ƙofa.

Fasahar ta yi saurin girma. A 2021 kamfanin MyHeritage ya fito da Deep Nostalgia, wadda ke sa fuskokin tsofaffin hotuna ƙifta ido da murmushi. A 2023 aka samu Gen-2 na kamfanin Runway. A 2024 Kling ta fito daga kamfanin Kuaishou na China, Luma ya kawo Dream Machine, OpenAI kuma ya saki Sora. A 2025 Google ya fitar da Veo 3, mai haɗa bidiyo da sauti. Duk da wannan ci gaba, yawancinsu guntun bidiyo suke bayarwa, daga daƙiƙa biyar zuwa goma, domin kamanni na ƙara zamewa gwargwadon tsawon bidiyon.

Mu kuma muna da ƙarin matsala, saboda suturarmu cike take da ƙananan zane. Ka ɗora hoton ango cikin babbar riga mai aikin aska takwas, ka ce ya yi tafiya, ka zuba ido a ƙirjin rigar: a daƙiƙa ta farko aikin yana nan daram, a ta uku layukan sun fara narkewa, a ta biyar wani zane ne daban wanda babu maɗinkin da ya taɓa yin sa. Haka zanen hula ke sauyawa in kai ya juya, haka lallen amarya ke malalewa in ta ɗaga hannu. Rubutun allon shago kuwa yakan koma haruffan da ba na kowane yare ba.

Gyara yana farawa ne daga hoton kansa. Zaɓi mai haske, wanda fuska ta fito sarai, kuma mutum ɗaya ya fi taron jama'a sauƙi. Hannaye su fito gaba ɗaya ko su ɓoye gaba ɗaya, domin rabin hannu shi ne ke haifar da ƙarin yatsu. Nemi asalin hoton daga wayar da ta ɗauka, saboda WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci, sai fa in an turo shi a matsayin fayil. In tsohon hoton takarda ne, shimfiɗa shi a hasken rana mara zafi ka ɗauka ba tare da filasha ba. Sannan ka yanke shi daidai inda za ka wallafa tun kafin ka ɗora: 9:16 na tsaye don TikTok da sitatus, 16:9 na kwance don YouTube.

Sai umarnin da za ka rubuta, kuma nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Kada ka ɓata lokaci kana kwatanta abin da ke cikin hoton, na'urar tana ganin sa. Faɗa mata motsin da kake so, guda ɗaya tak, da abin da ba ka so ya motsa. Misali: iska na kaɗa gefen mayafi, fuska tana nan yadda take. Ya fi aminci ka motsa abin da ke kewaye da mutum a kan ka motsa shi kansa: hayaƙin turaren wuta, tururin shayi, ganyen bishiya, ko ita kyamarar. Waɗannan manhajoji sun fi jin Turanci, don haka ka tsara umarninka da Hausa, ka juya shi zuwa gajerun jimlolin Turanci. In kana da hotuna biyu na abu ɗaya, Kling da Luma suna ba da damar sa hoton farko da na ƙarshe, su cike tsakanin, abin da ke rage kintace sosai.

A kan kuɗi, ka sani kowane gwaji yana cin maki, ya yi kyau ko bai yi ba. Fara da daƙiƙa biyar a ƙaramin inganci. In bai yi ba, sauya abu ɗaya kawai a umarnin don ka gane wanda ya yi tasiri. Kafin ka sa katin banki, duba ko biyan zai riƙa sabunta kansa duk wata, ka kuma karanta sharuɗɗa, domin wasu ba su yarda a yi kasuwanci da bidiyon da aka yi a tsarin kyauta ba. Farashi da sunan shago da lambar waya, bar su sai daga baya ka rubuta da manhajar tacewa irin su CapCut. Kafin ka saki, kalli bidiyon a hankali sau da yawa, kana duba ido, haƙora, yatsu, 'yan kunne da zanen tufa. In abin ya ƙi, ka wallafa hoton yadda yake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, wato amana. Mai sayar da atamfa ko leshi da ta saki bidiyon da zanen kayan ya sauya a cikinsa, ta nuna wa mai saye abin da ba shi za ta ba shi ba, wannan kuwa ha'inci ne ko da ba da gangan aka yi ba. A sa ainihin hoton kayan a gefe. Ɗaukar hoton 'yar mutane daga wurin biki a sa ta rawa ba da saninta ba cin mutunci ne da kan iya taɓa aurenta da sunan gidansu. Hoton da ka ɗora yana tafiya ne rumbun kamfani a wata ƙasa, kuma Nijeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Hoton mamaci kuma ba naka kai kaɗai ba ne. Wani ɗan zai ji sanyi ya ga mahaifinsa na murmushi, wata uwa kuwa sabon makoki za ka tayar mata, don haka a shawarci iyali tukuna. Sa wa malami ko basarake ko ɗan siyasa maganar da bai yi ba ƙarya ce tsagwaronta, kuma tana iya kunna fitinar da ba ka iya kashewa.

Tun 2024 YouTube ya wajabta wa masu wallafa su bayyana bidiyon da aka ƙirƙira in ya yi kama da gaske, TikTok ma yana da irin wannan ƙa'ida. Ko babu doka, rubuta "an motsa wannan hoto da ƙirƙirarriyar basira" ba ya rage wa aikinka daraja.

Mai karatu, ka koyi wannan fasaha, domin akwai abinci a cikinta ga mai talla da mai ɗaukar hoto da malamin makaranta. Ka fara da hotonka da kayan sana'arka, ka nemi ƙaramin motsi, ka nemi izinin mai fuska kafin ka taɓa hotonsa, ka kuma gaya wa jama'a gaskiyar abin da suke kallo.