Darasin Mako: Kallon Wasan da Ka Zuba wa Kuɗi

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ya san mutumin nan da ke zama riƙe da 'yar takarda, ido ɗaya a talabijin, ɗaya a waya. Ƙungiyarsa ta ci amma fuskarsa a murtuke, domin ƙwallo uku ya yi hasashe aka ci biyu. Sai ka ji irinsu suna gardama: in ka sa kuɗi a wasa, gara ka kalla ko gara ka kauce? Mu duba tambayar da idon basira.

Na farko, kallo ba ya canja sakamako. Ko ka zauna a layin gaba, ko ka yi barci, alƙalin wasa zai busa tashi a kan abin da aka ci. Abin da kallon ke canjawa shi ne kai. Kamfanonin caca suna karɓar kuɗi ana tsakiyar wasa, har a kan bugun kusurwa da katin gargaɗi. Wanda ya ga kuɗinsa na tafiya kafin hutun rabin lokaci sai ya ƙara zubawa don ya farfaɗo da su. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Na biyu, mu yi lissafi. A ce abu biyu ne za su iya faruwa, kuma damarsu ɗaya. Mutum biyu kowa ya sa naira 100, kowa da ɓangarensa. Kamfani ya karɓi 200, ya biya wanda ya ci 190, ya riƙe 10. Ko wa ya ci, kamfani ya ci.

Masu jera wasanni da yawa a takarda ɗaya kuwa, tasu ta fi muni. A ce ka zaɓi wasa 10, kowanne kana da damar dacewa kashi 70 cikin ɗari. Ɗauki kwakuleta ka ninka 0.7 da kansa sau 10: za ka samu kusan 0.028. Wato a takarda ɗari, ko uku ba za su fita ba.

Na uku, babu wasan da ke da tabbas. A Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022 a Ƙatar, Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2-1, kuma Ajantinar ce ta ɗauki kofin daga baya. A 2016 Leicester City ta lashe Firimiyar Ingila bayan masu caca sun sa damarta ɗaya cikin 5,000. Irin wannan bazatar ita ce daɗin ƙwallo ga ɗan kallo, ita ce kuma ciwon zuciyar mai takarda.

Hatta 'yan wasa ba su tsira ba. A 2023 an dakatar da Ivan Toney wata 8, Sandro Tonali kuma wata 10, saboda karya dokar caca. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Ga Musulmi kuwa, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta riga ta yanke hukunci a kanta.

To, a kalla ko kada a kalla? Wanda ya riga ya faɗa, ƙin kallon ya fi masa, don kada ya ƙara zubawa. Sannan ya goge manhajar daga waya, ya sanar da babba ko malamin da ya yarda da shi. Kuɗin tara da na jarrabawa gumin iyayenmu ne.

Aikin gida: lissafa damar dacewa a wasa 5 da wasa 15, kowanne a kan kashi 70. A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.